Ƙofar Shugaba da Mugun Bafade

Akwai wata karin magana wadda muka gada tun kaka da kakanni, wadda akan jawo ta duk sa'ad da ɓarna ta fito daga gidan mulki amma ana jin nauyin a kama sunan mai gidan, sai a ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, tun zamanin da nake aiki a ƙarƙashin mutane har zuwa lokacin da aka sa waɗansu a ƙarƙashina, kuma gwargwadon yadda shekaru suke ja, gwargwadon yadda nake ƙara sakankancewa cewa rabin gaskiya kurum take ɗauke da shi, ɗaya rabin kuwa ladabi ne irin na talakan da ya san inda wuyansa yake. Haƙiƙa bafade yakan ɓoye, yakan ƙara gishiri, yakan kai sukar wanda ba ya nan. Amma wa ya zaɓi bafaden, wa ya zaunar da shi a bakin ƙofa, wa kuma ya koya masa, da fara'a yau da ɗaure fuska gobe, irin labarin da ake so a ji da irin wanda ba a so? Wannan ƙofa da ke tsakanin shugaba da waɗanda yake shugabanta ita ce mas'alar da nake so mu duba, ko shugaban nan sarki ne, ko hedimasta, ko manajan kamfani, ko maigida a cikin iyalinsa, domin a ganina mafi yawan abin da muke kira rashin iya mulki, idan aka bi sawunsa a hankali, a bakin ƙofar nan yake tsayawa.

Duk wanda wata larura ta taɓa kai shi ma'aikata ya san bencin nan na katako da ke baranda, wanda zaman masu jira ya goge shi har yana sheƙi. Na taɓa yin kwana uku ina safa da marwa a kan irinsa, kusa da wani dattijo da ya taho daga ƙauye a kan maganar fanshonsa, takardunsa a naɗe cikin leda, ledar kuma a cikin aljihun ƙirji, yana taɓa ta bini-bini kamar mai tsoron kada ta tashi sama. Duk sa'ad da ƙofar ta buɗe sai ya yunƙura ya miƙe, masinja kuwa ya ɗaga masa hannu ya ce, "Baba, yi haƙuri, maigida yana taro." A rana ta uku, da la'asar sakaliya, shugaban ma'aikatar ya fito zai shiga mota, dattijon ya yi ta maza ya tare shi da gaisuwa, ya bayyana buƙatarsa cikin kalmomi kaɗan. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne mamakin da na gani a fuskar shugaban, mamaki na gaske wanda ba na riya ba, domin nan take ya karɓi takardun, ya jingina su a kan mota ya sa hannu, aikin da bai ɗauki minti biyu ba. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Sai dai kwana uku ke nan yana zaune taku goma daga wani bawan Allah wanda hannunsa kaɗai yake jira, alhali bai sani ba, kuma rashin sanin nan bai dame shi ba har ya sa ya tambayi masinjansa su wane ne ke kan benci.

Malamanmu na dā sun gane wannan cuta tun kafin a ƙago ofis da fayil. Wajen shekarar 1492 Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimi al-Magili, mutumin Tilimsana, ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kuma wallafa risala a kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, wadda ake kira Tajuddini. Babi takwas ya yi mata, ya taɓo kyautata niyya, da tsara ma'aikata, da taka-tsantsan a gida da tafiya, da bincike a kan al'amura, da adalci a shari'a, da tara dukiya ta hanyar halal da kashe ta ta hanyar da ta dace. Amma abin da mai karatu ba zai kasa lura da shi ba shi ne gargaɗi guda da Shehun yake ta komawa gare shi babi bayan babi, kamar mai buga turke yana ƙara masa duka don kada ya tuge, wato gargaɗi a kan sarki ya shige bayan hijabi ya ɓuya wa talakawansa. Malami irin al-Magili, wanda bai saba zuba magana a banza ba, bai maimaita wannan batu don ƙawata rubutu ba. Ya zo ya tarar da daula tana bunƙasa, an gina sabon gidan sarauta, an kafa kasuwar Kurmi, an tsara majalisar nan da ake kira Tara ta Kano, alfarmar sarauta tana ƙaruwa. A fahimtata kuwa ya hango cewa duk zauren da aka ƙara a fada, an ƙara tazara ke nan tsakanin kunnen sarki da bakin mai ƙara, kuma sauran nasihohin ba za su yi amfani ba ga wanda labari na gaskiya ya daina isa gare shi, domin ba a yin adalci a kan abin da ba a sani ba.

Asalin wannan fahimta yana can baya, a zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya riƙi halifanci daga 634 zuwa 644. Malaman tarihi sun kawo cewa cikin sharuɗɗan da yakan gindaya wa gwamnoninsa har da kada su rufe ƙofa ga masu buƙata, kuma yakan tara su a lokacin aikin Hajji domin duk mai ƙara a kansu ya faɗa a gaban jama'a. Da labari ya iske shi cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, gwamnan Kufa, ya sa wa gidansa ƙofa saboda hayaniyar kasuwa da ke kusa, sai ya tashi Muhammadu ɗan Maslama tun daga Madina, ya umarce shi da ya je ya ƙone ƙofar, ya kuwa je ya ƙone ta. A tuna fa wane ne Sa'adu: sahabi ne daga cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna, shi ne kuma jagoran yaƙin Ƙadisiyya, uzurinsa kuwa uzuri ne wanda kowane ma'aikaci na yau zai karɓa hannu biyu, domin wa zai iya aiki cikin surutun 'yan kasuwa? Duk da haka Halifa bai dubi darajar mutumin ba, bai kuma dubi kyan uzurin ba, abin da ya duba shi ne abin da ƙofa take zama bayan shekara goma, a hannun wanda bai kai Sa'adu tsoron Allah ba.

Shugabannin jihadin Sakkwato a kan wannan turba suka bi. A cikin Kitabul Farƙi, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jera al'adun mulkin da ya tarar yana kuma sukarsu, ya ambaci gaisuwar da ake kai wa masu mulki da abin da ake ba masu shigar da mutum wurinsu, domin ya san cewa ranar da ganin shugaba ya zama abin saye, ranar matalauci ya rasa shugaba. Da ya zo bayanin waziri kuwa, aikin da ya fara ɗora masa shi ne farkar da sarki da tunatar da shi, wato dai waziri mutum ne da aka naɗa musamman domin ya faɗi abin da sauran mutane suke tsoron faɗa. Ƙaninsa Malam Abdullahi, wanda a 1807 ya bar rundunar jama'a ya nufi gabas saboda baƙin cikin abin da ya ga ya fara kunno kai na son mulki da tara dukiya, da ya isa Kano mutanenta suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake tafiyar da hukunci, ya rubuta Liya'ul Hukkami. Ba na jin akwai wata al'umma a wannan yanki da aka bar wa wasiyya a rubuce a kan sha'anin shugabanci kamar yadda aka bar mana.

Amma rubutu daban, aiki daban. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, hakiman manyan masarautu irin su Kano a birni suke zaune kusa da fada, ƙasashen da aka ba su kuwa jakadu ne suke zuwa su karɓo haraji su komo da labari, ta yadda talakan ƙauye bai san fuskar hakiminsa ba, hakimi kuma bai san ƙasarsa ba sai abin da jakada ya ga dama ya faɗa. A fada kuma sai an bi ta hannun manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Da Turawa suka ci ƙasa suka tilasta wa hakimai komawa gundumominsu, wannan kuwa gyara ne, ko da yake don harajinsu suka yi, amma kuma suka ɗaure wa sarki gindi ya zama shi kaɗai ne hukumar En'e, ba ya jin tsoron kowa sai Razdan. Wannan hali ne ya sa a watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauchi, ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ya kawo ƙudurin a binciki tsarin En'e a gyara shi, hujjarsa kuwa ita ce ana mulkin talaka ba a shawartarsa, ba shi kuma da hanyar da kukansa zai isa sama. Mutum ne mai sanyin hali, wanda ba a san shi da neman fitina ba, shi ya sa maganar ta yi nauyi. Ba a kuwa daɗe ba aka sauya doka, sarki ya koma yin hukunci tare da majalisarsa.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon sarakuna ne kaɗai, ko ciwon ƙasashen da ilmin zamani bai wadata ba. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai da ke ciki suka hallaka, har da wata malamar makaranta. A daren jajibirin ranar, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin da ke cilla kumbon sun yi gargaɗi cewa zoben roba da ke toshe mahaɗar rokokin ba zai yi aikinsa ba cikin tsananin sanyin da ake ciki, suka ba da shawara a dakata. Aka yi ta muhawara ta waya, manajojin kamfanin suka keɓe, suka komo suka ce a tashi. Kwamitin binciken da shugaban ƙasa ya kafa ya gano cewa manyan da suka yanke hukuncin ƙarshe ba su ma san an yi wannan gargaɗi ba, domin maganar ta mutu a hawa na tsakiya. Ga ilmi, ga kuɗi, ga na'urori, ga kuma mutanen da suka san gaskiya suka faɗe ta a kan lokaci, amma tsakaninsu da mai yanke hukunci akwai ƙofa, kuma masu tsaron ƙofar sun riga sun karanci cewa labarin jinkiri ba shi da farin jini a sama.

To, ta yaya masu tsaron ƙofa suke karantar haka? A nan ne nake ganin karin maganar da muka fara da ita ta gaza, kuma a kaina na ga misalinsa. Wata rana, ina shugabantar wani ƙaramin sashe, wani akawu matashi ya shigo ofishina da littafin ajiya a hannu, ya tsaya yana murza gefen rigarsa, ya ce lissafin kayan sito bai daidaita ba, kuma ya lura wata biyu ke nan. Ran nan raina a ɓace yake saboda wani al'amari daban, sai na ɗaga murya na tambaye shi me ya hana shi faɗa tun wata biyun, a gaban mutum uku da ke zaune. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe," ya fita. Ban zage shi ba, ban kuma hukunta shi ba, har na manta da abin kafin Magariba. Amma daga ranar, shi da mutum ukun nan, duk sa'ad da na tambayi yadda aiki yake, amsa ɗaya nake samu, wato komai lafiya lau. Sai da shekara ta zagayo masu binciken kuɗi suka zo, sannan na san irin ramin da ke ƙarƙashin wannan lafiya lau ɗin. Yaron nan wata biyu ya yi yana tara ƙarfin halin da zai shigo, ni kuwa cikin minti ɗaya na koya masa, na kuma koya wa shaidu uku, cewa mai kawo mugun labari shi ne mai laifi. Ba wanda ya naɗa mini mugun bafade. Da hannuna na ƙera su.

Haka abin yake tafiya a ko'ina, sannu a hankali, ba tare da kowa ya ƙulla niyyar sharri ba. Na ƙasa suna karanta fuskar shugaba fiye da yadda suke karanta takardar umarninsa, suna lura da wanda aka ƙara wa girma da wanda aka tura ƙauye, suna auna wanda ake kira cikin tafiya da wanda ake mantawa da shi, daga nan kuma kowa ya gyara harshensa gwargwadon abin da ya gani. Kafin a jima sai majalisa ta cika da 'yan amshin Shata, mai gaskiya ya koma gefe ya yi shiru ko ya nemi canjin wurin aiki, shugaba kuma ya riƙa jin daɗin cewa a zamaninsa babu ƙorafi, alhali ƙorafin yana nan, ya dai sauya hanya ne, ya koma teburin mai shayi da bayan masallaci.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce ido wa ka raina, wanda kake gani yau da gobe. Shugaban da kowa ke faɗa wa ofis ba sallama kwarjininsa zai zube, lokacinsa zai ƙare a sauraron ƙananan abubuwa, sannan kuma buɗaɗɗiyar ƙofa ba mai gaskiya kaɗai take shigarwa ba, har da annamimi da mai cin dunduniyar abokin aikinsa. Duk wannan haka yake, shi ya sa sauraro ba ya wadatarwa sai an haɗa shi da tabbatarwa. Shi Sa'adun da aka ƙone wa ƙofa, daga baya waɗansu mutanen Kufa sun kai ƙararsa Madina, har suka ce bai iya salla ba. Sayyidina Umar bai kore su ba don girman Sa'adu, bai kuma gaskata su ba don sun riga kowa zuwa. Ya aika aka bi masallatan Kufa ɗaya bayan ɗaya ana tambayar jama'a, aka tarar kusan kowa yabonsa yake yi. Ya sauke shi domin kashe wutar fitina, amma da ajalinsa ya matso ya sa shi cikin mutum shida da za a zaɓi halifa daga cikinsu, ya kuma bayyana wa mutane cewa saukewar ba ta gazawa ko ha'inci ba ce. Wannan shi ne mizani: a ji kowa, a binciki abin da aka ji, a kuma wanke wanda bincike ya wanke a bainar jama'a kamar yadda aka zarge shi a bainar jama'a. Batun kwarjini kuwa, ban taɓa ganin wanda ya rasa girma don ya saurari na ƙasa da shi ba. Wanda na gani ya zube shi ne wanda ya tsaya gaban ma'aikatansa yana faɗin abin da kowa a ɗakin ya san ba haka yake ba, saboda shi kaɗai ne ba a gaya wa ba.

Batun lokaci kuma tsari ne maganinsa. A masana'antun Toyota akwai igiya da aka rataye a kan layin haɗa motoci, wadda kowane ma'aikaci, kome ƙanƙantarsa, yake da ikon ja idan ya ga aibi; da ya ja shugaban rukuninsa zai zo, in kuwa ba a warware matsalar nan take ba sai layin ya tsaya. Hikimar da ke ciki ita ce sun mai da faɗin aibi aiki ne daga cikin ayyukan ma'aikaci, ba sai ya tara jarumtaka ta wata biyu ba. Mu ma muna da namu na gado: zaman fada da safe inda kowa ke iya faɗuwa ya yi gaisuwa ya kai kuka, da rangadi, wanda asalinsa shugaba ya je ya gani da idonsa, tun da gani ya kori ji. Sai dai mun ɓata rangadin da sanarwa, ta yadda kafin baƙo ya iso an share hanya, an shafa farar ƙasa, an aro kujeru daga makarantar da ke maƙwabtaka, an kuma zaɓi wanda zai yi magana da abin da zai faɗa. Hedimastan da ya zaga bayan azuzuwa da ƙarfe bakwai na safe ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya leƙa banɗakin yara, ya ɗanɗana abincin da aka dafa musu, ya fi sanin makarantarsa a kan wanda ya karanta rahoto arba'in.

A gida kuwa al'amarin ya fi ban tausayi, domin a can babu masinja, babu sakatare, fuskar maigida ita ce ƙofar. Akwai gidajen da gyaran muryar uba a zaure yake kashe hira kamar an zuba wa wuta ruwa, yara su watse, uwa ta gyara zama, shi kuma ya ɗauka tarbiyya ke nan. A irin gidajen nan uba shi ne na ƙarshe da yake sanin ɗansa ya daina zuwa makaranta, ko 'yarsa ba ta son wanda aka ba ta, ko bashi ya yi wa uwargida katutu, ba ya kuwa sani sai abin ya fi ƙarfin gyara, sannan ya riƙa tambaya don me aka ɓoye masa. Dattawa sun ce babba juji ne, juji kuwa ba ya zaɓen abin da za a zuba masa.

Saboda haka, ya kai wanda Allah ya ɗora wa amanar mutane, ko su dubu ne ko su uku, ina roƙonka abu guda wanda ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko izinin na sama. Ka zauna ka tuna ranar ƙarshe da wani na ƙasa da kai ya kawo maka labarin da ya ɓata maka rai, ka tuna kuma abin da fuskarka ta yi a lokacin. Idan ka lalubo ka tarar an daɗe rabonka da jin irin wannan labari, kada ka yi hamdala tukuna. Gobe da safe, kafin ka zauna a kujerarka, ka fita baranda da ƙafarka ka tambayi waɗanda ke kan benci, ɗaya bayan ɗaya, tun yaushe suke jira.